Neman kalma: me za mu kira privateer da Hausa?

Mai Shirin Tarihi: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shiri kan yadda Amurkawa suka haɗa rundunar ruwa lokacin da suka yi wa Ingila tawaye, kuma kalmar privateer ta hana ni sakat. Jiragen Majalisar Amurkawa masu tawayen ba su ba ni wahala ba. Ranar 13 ga Oktoba 1775 Majalisar da ke zama a Filadalfiya ta ce a ɗora wa jirage biyu igwa su tare masu kai wa sojan Ingila makamai. Farkon Nuwamba ta ware dala 100,000, aka sayi jiragen fatake aka mayar da su na yaƙi, irin su Black Prince da ya koma Alfred. Waɗannan jiragen gwamnati ne, shi ke nan. To na 'yan kasuwa fa, wanda mai jirgi zai sayi igwa da albarushi da guzuri da kuɗinsa, ya karɓi takarda, ya fita kamun jiragen Ingila? Na rubuta "'yan fashin teku" amma raina bai kwanta ba.

Bakatsine: 'Yan fashin teku masu lasisi. An gama.

Uwar Tagwaye: Ko sojan haya na ruwa?

Malamin Sakandare: Hajiya, sojan haya biyansa ake yi. Waɗannan kuwa ko anini Majalisa ba ta ba su. Su ne ma ke sa hannu a takardar lamuni kafin a ba su izini: dala 5,000 in jirgin bai kai tan 100 ba, 10,000 in ya kai. A Maris 1776 Majalisa ta halatta abin, Masacuset ma, ɗaya daga cikin yankunan da suka yi tawayen, ta riga ta tun Nuwamba 1775. In sun kama jirgi sai sun kai shi gaɓa, kotu ta tabbatar na abokan gaba ne, a yi gwanjonsa da kayan ciki, masu hannun jari da ma'aikatan jirgi su raba kuɗin. Malam Bakatsine, ka taɓa jin ɗan fashi ya kai abin da ya ƙwato gaban alƙali? Ko da yake, a faɗi gaskiya, a 1777 Ingila ta yi dokar tsare Amurkawan da aka kama a teku bisa zargin cin amana ko fashi, ba beli.

Bakatsine: To ashe Sarkin Ingila yana bayana.

Tsohon Tafinta: Ni abin da ya dame ni "lasisi". Ana neman kalmar Hausa, kun ɗauko Turanci kun ɗaura masa zane. Wannan kasala ce ta kashe mana fassara a gidajen rediyo. Kalma tana nan a hannu: ganimau. Mutumin da ba shi da albashi sai ganima. Gajera ce, tana da daɗi a baki, kuma duk Bahaushe ya san ganima.

Uwar Tagwaye: Baba, a gafarce ni, amma -au a kan aikatau take hawa. Manta, mantau. Makara, makarau. Ganima suna ce. Sa'annan yaya jam'inta?

Tsohon Tafinta: Ganimau ɗaya, ganimau goma. Yaya jam'in mantau? Harshe ba ya jiran izinin masu nahawu, 'yata.

Ɗan Damagaram: Ita ganimar ai Larabci ce, Baba, haka izini. In aro halal ne daga gabas, me ya haramta shi daga yamma? Mu nan ƴan lakwal kalmar Faransanci corsaire suka sani, Larabawa kuma suna cewa ƙursan. Amma na san yadda za a ƙare: ku zauna a Kano ku yanke, mu ji a rediyo.

Tsohon Tafinta: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin kakanninmu ba ɗaya yake da wanda ya zo jiya da ɗan sanda ba. Kuma ni ba Bakano ba ne.

Bakatsine: Ganimau dai ni sunan ragon layya nake ji.

Tsohon Tafinta: Lokacin da muke ƙirƙirar kalmomi da hannu da biro, wasu ba su fara riƙe allo ba. Yau kowa da waya ya zama farfesa.

Mai Shirin Tarihi: Don Allah malamai, gobe ne fa.

Malamin Sakandare: Baba, ganima ta kama hanya, amma ga inda ta yi tuntuɓe. Sojan Majalisa ma suna cin ganima. Da farko sulusin kuɗin jirgin fatake ake ba su, rabi in na yaƙi ne, sauran na Majalisa. Na 'yan kasuwa kuwa duka suke kwashewa. Shi ya sa ma'aikatan ruwa suka riƙa guje wa jiragen gwamnati, har a Oktoba 1776 Majalisa ta ɗaga rabon zuwa rabi a jirgin fatake, duka a na yaƙi. Ga shi tun Disamba 1775 ta ba da umarnin ƙera manyan jirage 13, kowanne a kan kimanin dala 66,666, da kuɗin takarda da darajarsa ke zubewa. Wasu daga cikinsu ko teku ba su shiga ba, Amurkawan da kansu suka ƙone su ko suka nutsar don kada Ingila ta kama. Wannan gasar neman mutane ita ce naman shirinka, ƙanena. In ka kira ɓangare ɗaya ganimau, mai sauraro zai zaci ɗayan ba ya taɓa ganima. Abin da ya raba su shi ne wa ya mallaki jirgin, wa ya zuba kuɗi.

Uwar Tagwaye: To 'yan sa-kai na ruwa?

Bakatsine: Hajiya, faɗi haka a rediyo yanzu, kowa Zamfara zai tuna.

Ɗan Damagaram: Kuma ɗan sa-kai ba riba ya fito nema ba. Su Robert Morris, attajirin Filadalfiya, jari suka zuba.

Mai Shirin Tarihi: Ga abin da zan yi. Karon farko zan ce "jiragen 'yan kasuwa masu izinin kame", in yi bayani a jimla biyu. Daga nan sai "jiragen ganima na 'yan kasuwa". Takardar kuma "takardar izinin kame". Mutanen ciki zan bar su a "ma'aikatan jirgin".

Uwar Tagwaye: Ya yi tsawo, amma ba ƙarya a ciki.

Tsohon Tafinta: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Kalma biyar a wurin ɗaya, kuma a ce wai mun fassara. Na dai ga ganimata ta shiga ta ƙofar baya. Ni a rubutuna ganimau zan ci gaba da sawa.

Ɗan Damagaram: Sai ka sa mana bayani a ƙasa, Baba.

Mai Shirin Tarihi: Na gode, Allah ya bar zumunci. Saura kotun da ke halatta kamen, amma wannan "kotun ganima" zan ce, kada kowa ya tanka sai bayan na fito daga ɗakin naɗi.