Lambar 2442: tana hana kiran talla, ko a takarda kawai take?

Mai shagon caji: Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: tsarin 2442 na hana tallan waya, na hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, bai tsinana wa talaka komai ba. Mutum na zaune a bakin gadon mara lafiya yana jiran kiran ɗan'uwa, waya ta yi ƙara, ya zabura ya ɗauka, sai ya ji muryar na'ura tana tallar waƙar kira. Kullum a shagona sai an kawo mini wannan kukan.

Malama: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tambaye su ko sun taɓa tura saƙon? Tun 2016 aka buɗe lambar. Ka rubuta STOP ka tura 2442, kyauta ne. In kana son wasu tallace-tallacen, kamar na lafiya ko ilimi ko banki, ka tura HELP a ba ka zaɓi. Ni da na yi, tallan kamfanin layina ya ɗauke.

Mai shagon caji: Yaya, da hannuna nake tura wa mutane. Saƙonni na raguwa, ban musa ba. Amma kira fa? Bayan mako biyu sai tsoho ya dawo ya ce har yanzu ana damunsa.

Ɗalibin shari'a: Kowannenku da gaskiyarsa, abu biyu ake haɗawa. Umarnin NCC ya hau kan kamfanonin layi ne da masu tallar da ke bi ta hanyarsu. Kamfanin da ya saɓa, tarar naira miliyan 5 ce, kuma akwai lambar 622 ta kai ƙara wa NCC idan ka yi wa kamfanin magana bai saurare ka ba. Amma wanda ya sayi layi kamar nawa da naka ya zauna yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ko ɗan damfara mai cewa ka ci kyauta ka karanto lambar katinka, 2442 ba ta ganinsa. A wajen na'ura, kiransa da kiran mahaifiyarka duk ɗaya ne.

Alhaji: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni boko bai wuce in gane lamba ba. Yaya za a ce sai na rubuta Turanci kafin a bar ni in huta? Wa ya ba su lambata tun farko? Kwanaki wasu masu ba da rance ta waya suka yi ta kirana, wai wani yaro ya ci bashi kuma lambata na cikin wayarsa. Har da zagi. Ban ci nanin ba, nanin ta ci ni.

Ɗalibin shari'a: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Wannan ya wuce talla, cin zarafi ne, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ce ke bin masu rancen waya. A 2022 ta tilasta musu yin rajista. Tambayarka kuwa ita ce gindin maganar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar mutum za a yi amfani da bayanansa wajen yi masa talla kai tsaye.

Malama: To ai ka ga doka na nan. Mu ne ba ma kai ƙara. A Amurka ma tun 2003 mutum ne ke sa lambarsa a rajistar hana kira da kansa.

Mai shagon caji: Kuma a can ɗin ma ba a hana 'yan siyasa da masu neman taimako kira ba. Me ya sa ba za mu dubi Jamus ba? Can haramun ne ɗan kasuwa ya kira ka da talla sai ka riga ka amince, tarar tana kai Yuro 300,000. Nauyin na kan mai talla, ba kan Baba Alhaji ba.

Malama: Wannan na yarda da shi. Amma kada ka riƙa gaya wa tsofaffi lambar ba ta da amfani, za su fasa turawa, a ci gaba da yanke musu kuɗin kati a kan abin da ba su nema ba.

Alhaji: Gobe in Allah ya kai mu zan aiko jikana da wayar, ka tura mini. Na masu rancen kuma, ɗana, ka rubuta mini ƙarar, ni zan sa hannu.