Shawarwarin da aka bayar kan zuwa Munik a ƙarshen bazara

Na tattaro abin da jama'a suka faɗa wa mai son yin 'yan kwanaki a Munik ta Jamus. Kusan kowa ya ce a je ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, don da zarar babban bikin giya na Oktoberfest ya kusa a tsakiyar Satumba kuɗin otal sai ya tashi sosai.

Cikin gari a fara da Marienplatz, dandalin tsakiyar gari, inda wani agogo mai 'yan tsana yake wasa ƙarfe 11 da 12 na rana. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke amma gidan adana zane-zane na Alte Pinakothek yuro 1 kacal ake shiga.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne lambunan giya, wasu sun ce sam ba za su taka ba, wasu kuma suka ce ai wurin zama ne ƙarƙashin bishiyoyi har da yara da tsofaffi, kuma a Hirschgarten ko wajen hasumiyar Sin da ke babban lambun shaƙatawa na Englischer Garten an yarda ka zo da abincinka ka sayi abin sha kawai. Ka nemi Apfelschorle, ruwan tuffa ne mai gas, ko Spezi, haɗin kola da lemo. Radler kam akwai giya a ciki, a kiyaye don Allah, haka naman alade ya yi yawa a girkinsu. Abincin halal yana shagunan Turkawa kusa da babbar tashar jirgin ƙasa.

Tafki kuwa na fi karkata ga Starnberg, jirgin ƙasa mai lamba S6 ne zai kai ka cikin kusan rabin awa, ka hau jirgin ruwa, amma ka riƙe rigar sanyi saboda yamma.