Kotu ta yanke in biya bashi: shago za a fara kamawa ko gidan haya?

Mai Shinkafa: Salamu alaikum jama'a. Wanda ke ba ni kaya bashi ya kai ni kotu a nan Maraɗi, an yanke in biya shi miliyan 6 na sefa. Wisiye, wato jami'in da ke aiwatar da hukuncin kotu, ya kawo mani takardar umarnin biya. Ina da shago a babbar kasuwa da gidan haya a unguwar Zariya. Ban musa bashin ba, sai dai kuɗin na cikin kaya da hannun mutane. Me za a fara taɓawa? Gidan zai iya tafiya?

Malam Na Shari'a: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo mafita. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke aiki a Nijar kan karɓar bashi, an sabunta ta a 2023. In mai bashin bai riƙe gidan jingina ba, sai an fara da dukiyar da ake iya ɗauka, kaya da kuɗi, kafin a kai ga gida.

Duba ranar da ke kan takardar. Bayan kwana 8 wisiye na iya zuwa shago ya rubuta kaya. Yawanci a hannunka zai bar su amana, kana da wata guda ka nemo mai saye da kanka. Yi amfani da watan nan, don gwanjo karya farashi yake. Amma kada ka kwashe buhu ko ɗaya daga abin da aka rubuta ka kai wani wuri, wannan laifi ne mai kai mutum gidan kaso. Kuma nemi lauya ya shigar da roƙon sassauci: alƙali na da ikon jinkirta biya ko ya rarraba shi har shekara ɗaya, in ba bashin ciyarwa ba ne ko na takardar alkawarin biya ta kasuwanci. Ka je da littafin shago da jerin masu riƙe da kuɗinka, baki kaɗai ba ya gamsar da alƙali.

Hajiya Dillaliya: Alhaji, kayan mutane da aka ajiye maka ka sayar fa? Ka faɗa wa wisiye tun yana rubutu, a sa cikin takarda. Mai kayan ne zai je kotu da rasit ya nemi a cire nasa, kuma kafin a sayar.

Baban Zariya: Kuɗin haya ne wurin da aka fi yin ɓarna. Mai bashi na iya tare su a hannun 'yan haya, haka ma asusun banki. Dole a sanar da kai cikin kwana 8, kana da wata guda ka ƙalubalanta. Daga ranar da takarda ta shiga hannun ɗan haya, kada ka ce ya ba ka a ɓoye. Bawan Allah zai biya sau biyu, ko ma a ɗora masa bashin naka in ya ɓoye gaskiya. Wannan zalunci ne gare shi.

Shi gida ba a sayar da shi dare ɗaya. Akwai wani umarnin biya na daban mai kwana 20, kuma in gidan ba shi da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta hukuma, sai mai bashin ya nemi a yi masa rajista tukuna. Ga ƙofar da yawancin masu gidaje ba su sani ba: in ka nuna cewa kuɗin hayar shekara biyu, bayan cire ɗawainiya, sun isa biyan bashin da kuɗin shari'a da ruwansa, ka kuma yarda a riƙa ba mai bashin kai tsaye, alƙali na iya dakatar da sayarwa. Miliyan 6 a wata 24 jika 250 (sefa 250,000) ke nan kowane wata, ban da ƙari. Lissafa hayarka ka gani.

Malam Na Shari'a: Haka ne Baba. In kuma kun daidaita ta hannun dattawan kasuwa, Alhaji, a rubuta a sa hannu, kowane biya da rasit, sannan ka karɓi takardar ɗage kamun daga wisiye. In babu ita, 'yan haya da banki za su ci gaba da riƙe kuɗinka.