Sunan kare da zai fara da B, wanda zai dace da mace ko namiji

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba da karnuka. Mun yi magana da wani mai kiwo zai ba mu kwikwiyo ɗaya idan karyarsa ta haihu, ya ce saura kamar mako uku. Sharaɗinsa guda ne: sunan da za a rubuta a takardar rajista dole ya fara da harafin B, wai don wannan ce haihuwa ta biyu a wurinsa, 'ya'yan farko duk da A ya sa musu. Mu kuma mu ne na ƙarshe a layi, wanda ya rage shi ne namu, ko mace ko namiji.

To tagwayena sun tasa ni gaba sai an yanke suna yanzu, don a zana shi a ɗan ƙarfen nan da ake rataya wa kare a wuya. Macen ta kafe a kan Bazata, tunda ba mu san me za a haifa ba. Namijin ya ce shi Bingo ko babu. Babansu da suka ishe shi ya ce a sa masa Bari, ko ma bar shi ya huta, kuma abin haushi yaran sun fara son sunan.

Shin harafin farko yana da wani tasiri a kunnen kare, ko tsarin masu kiwo ne kawai? Kuma wane suna mai B ne zai zauna wa kowanne jinsi ba tare da ya yi banbaraƙwai ba?

Mai Rajista ya amsa:

Wa alaikumus salam, Maman tagwaye. Tsari ne na ajiye lissafi, ba ruwansa da kunnen kare. Masu kiwo da yawa, musamman a Jamus, haka suke yi: haihuwar farko A, ta biyu B, har su kai ƙarshen haruffa su sake daga farko. Makarantun da ke horar da karnukan jagorar makafi ma da yawansu haka suke, don da jin suna a san su wane ne 'yan ciki ɗaya. A Faransa kuwa shekara ake bi. Tun 1926 kowace shekara da harafinta ga karnukan da aka sa a littafin asali na ƙasar, an cire K, Q, W, X, Y da Z saboda sunayensu sun yi ƙaranci, ya rage haruffa 20. Shekarar 2024 V ce, 2025 aka koma A, 2026 kuma B.

Abin da zai sauƙaƙa miki: sunan takarda daban, sunan kira daban. Karnuka nawa ne ke da dogon suna a rajista wanda ba a taɓa kiransu da shi ba ko sau ɗaya. Ki ba mai kiwon B ɗinsa, ki kira karenki yadda kika ga dama.

Dattijon Horo ya amsa:

'Yar'uwa, ki fara gaya wa maigida ya janye Bari, ko da wasa yake. A duk sunayen nan uku shi ne kaɗai zai jawo miki matsala ta gaske. Kwikwiyo a watanninsa na farko babu kalmar da zai fi ji a gida kamar "bari". Ya ɗauki takalmi, bari. Ya ciji labule, bari. Ya haye kujera, bari. Idan sunansa ke nan, kina so ya zo da murna in ya ji shi, kina kuma so ya saki abin da ke bakinsa in ya ji shi. Ɗayan biyun dole ya lalace, kuma galibi kiran ne ke lalacewa.

Ba ma Bari kaɗai ba, har danginsa: Bali, Bare, Baro, Bara. Ke kina jin bambanci, shi bai cika ji ba. Masu bincike a wata jami'a da ke Budapest, a ƙasar Hangari, sun gwada wannan, aka buga sakamakon a 2020. Sun auna motsin ƙwaƙwalwar karnuka suna sauraron kalmomin umarni da suka sani, da kalmomin banza masu kama da su in ban da sauti ɗaya, da kuma waɗanda ba su yi kama ba ko kaɗan. Karnukan sun gane bambancin waɗanda ba su yi kama ba, amma tsakanin kalmar gaskiya da mai kama da ita ba a ga sun raba ba. Wannan ya amsa tambayarki ta farko. Harafi ɗaya tal, ko a farko ko a tsakiya, ba shi ne ke riƙe kare ba. Abin da yake kamawa shi ne surar kalmar gaba ɗayanta: tsawonta, wasulanta, da yadda muryarki ke hawa ko sauka.

Saboda haka ni in zan zaɓi suna, sai na fara jera kalmomin da zan riƙa ba shi umarni da su: zo, zauna, tsaya, kwanta, bari, tafi, a'a. Duk sunan da ya yi amo da ɗayansu na soke shi. Da Z aka ba ki, da na ce ki guji Zoro da Zauro. Da T ce, na ce ban da Tsayi da Tafi.

Sai tsawo. Gaɓa biyu ta fi daɗin kira. Gaɓa ɗaya tana ɓacewa cikin hayaniya, uku kuma bakinki da kansa zai gutsure ta. Wata masaniyar halayyar dabbobi 'yar Amurka, Patricia McConnell, ta yi nazarin yadda masu dabbobi a harsuna daban-daban suke kira, ta ga abu ɗaya na maimaituwa: gajerun sautuka a jere su ke sa dabba ta taso, dogon sauti ɗaya kuma shi ke sa ta lafa. Ki gwada da bakinki. "Bingo, Bingo!" yana fita da sauri. "Bazata" sai kin ja shi, kuma na tabbata kafin wata biyu ya koma Baza ko Zata. In kun yarda da hakan, babu laifi, amma ku san da shi kafin a zana ƙarfe.

Nawa zaɓin a B shi ne Bindi, wato wutsiya. Gaɓa biyu, wasali mai kaifi a ƙarshe, bai yi kama da wani umarni ba, kuma wutsiya ba ta da jinsi, kowane kare yana kaɗa tasa. Bayansa Bingo, sai Bobo. Burtu ma ba laifi in kwikwiyon ya zo da babban kai.

Gwajin ƙarshe: ki tsaya a ƙofa ki ƙwala sunan da ƙarfi kamar karen ya tsere miki. In kin ji kunya, ko wani maƙwabci ya waiwayo don sunansa ne ko na ɗansa, a canza.

Hajja Mai Gardama ta amsa:

Ni fa dariya wannan neman yake ba ni. Kuna ta fama da harafin farko, alhali jinsin suna a wutsiyarsa yake. Kunnenmu ya saba yawancin abin da ya ƙare da -a mace ce. Shi ya sa Bazata, duk da kyan ma'anarsa, zai fi zama a kan karya, ki kira ƙaton namiji da shi ki ga ko baƙi ba za su ce "ina take?" ba. Bauna, Bazara, Balbela duk haka. Ba mu kaɗai ba ne ma. Karnukan da Tarayyar Soviet ta harba sararin samaniya, Laika a 1957, Belka da Strelka a 1960, duk mata ne, duk da -a suka ƙare. Balto kuwa, wanda ya yi suna a jan keken ƙanƙara a Alaska a 1925, namiji ne. In suna kike so da zai tsaya a tsakiya, ki nemi mai ƙarewa da -i, a nan na yarda da Dattijo. Mai -o yana ɗan karkata wajen maza, don haka Bingo ɗin ɗanki ba tsakiya ba ne sosai kamar yadda ake ɗauka.

Amma tsakani da Allah, ko kin samu sunan, jimla ta gaba za ta tona asiri. "Bindi ya ci" ko "Bindi ta ci", dole ki ɗauki ɗaya. Amfanin sunan bai wuce na makonnin nan da kuke jira ba.

Kuma ki yi hattara da yara kada su gano cewa a takardar rajista Ɓ ma B ake rubuta ta. Ƙanina ya so sa wa nasa Ɓarawo don yawan satar safa da yake yi, sai da aka tuna masa cewa wata rana zai bi shi a guje a titi yana kiran sunan.

Uwar Tagwaye ta sake rubutawa:

Hajja kin sa na yi dariya har yara suka zo leƙe, kuma yanzu namijin ya ce Ɓarawo yake so. Allah ya isa tsakanina da ke! Bari dai ya fita, maigida ya sallama ba musu. Ni Bindi ya kwanta mini. Macen ce har yanzu take ƙunƙuni, don haka ina tunanin a rubuta Bazata a takarda kamar yadda Malam Mai Rajista ya nuna, a kira Bindi a gida.

Dattijo, saura tambaya ɗaya. Mai kiwon ya ce sai sun kai mako takwas zai sallame su. In ya riga ya saba kiransa da sunan takarda a wannan lokacin, ba zai rikice ba in muka zo da wani?

Dattijon Horo ya sake amsawa:

Ba zai rikice ba. Kwikwiyo da kunnensa a toshe ake haihuwarsa, sai wajen mako biyu yake buɗewa, kuma mai kiwon da ke da guda shida ko bakwai ba ya zama koya wa kowanne sunansa. Da fito ko tafi yake kiransu su taho a tare. Ko babban kare da ya shekara da wani suna ana canza masa ya karɓa, balle wannan. An yi wata karya a Amurka mai suna Chaser da ta riƙe sunayen kayan wasa 1,022. Suna biyu ba zai gagari naki ba.

Yadda za ki yi: ki sami wuri mara hayaniya, ki faɗi sunan sau ɗaya da sakin murya. Da ya ɗago ya kalle ki, ki ba shi ɗan abin da yake so nan take, kafin ya kawar da kai. In bai kalla ba kada ki yi ta nanatawa, ki yi ɗan sauti da baki ki jawo hankalinsa, ki sake gwadawa bayan jim kaɗan. Minti biyu ko uku ya isa a zama ɗaya, amma a yi sau da yawa a yini. In ya kama a ɗaki, a fita tsakar gida, sannan inda ake da mutane.

Inda za ki sha wuya shi ne tagwayen. Yara suna kiran sunan kwikwiyo sau hamsin ba dalili, har ya zama masa kamar ƙarar fanka, ya daina waiwaye. Ki kafa musu doka biyu: ba a kiransa sai ana da abin ba shi ko abin yi da shi, kuma ba a haɗa sunan da tsawa. In ya yi ɓarna, "bari" kawai za a ce, ba "Bindi bari" ba. Macen kuma kada ta riƙa kiransa Bazata a ɓoye har sai ya kama na gidan sosai.

Ƙarfen wuya kuma ku dakata da shi tukuna. Wuyan kwikwiyo ɗan mako takwas bai kai ya ɗauki babba ba, kuma abin da ya fi muhimmanci a kansa lambar wayarki ce, ita ce wanda ya tsince shi zai nema.