Neman kalma: me za mu kira "tip" da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, ina neman kalmar da za ta zauna a madadin "tip" ɗin Turawa, wato ɗan abin da ake ƙara wa mai kawo abinci, direban tasi ko mai ɗaukar kaya a otal bayan an biya kuɗin aiki. Kyauta ta yi faɗi. Na goro fa?

Baban Zara: Malam, bar na goro. Yau da an ambace shi, shingen hanya ake tunawa, ya zama ƙanen toshiyar baki. La'ada kuma ta dillali ce, da saninta ake shiga ciniki. Ni tukuici na zaɓa. Shi ne abin da ake ba ɗan aiken da ya kawo saƙon kyauta, kuma sai kaya sun iso hannu ake bayarwa. Abin da aka miƙa kafin aiki don a tsallake layi, wannan sunansa daban.

Hajiya Mai Otal: Na yarda, Baba, amma a ja kunnen matafiya. Tukuicinmu ganin dama ne, na Amurka kuwa kusan bashi ne. A gidan abincin da ake zama a kawo maka, ana barin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari: abincin dala 40, tukuici dala 6 zuwa 8. Dalili shi ne dokar tarayyarsu ta yarda a biya irin waɗannan ma'aikata dala 2.13 a awa, alhali mafi ƙarancin albashin sauran dala 7.25 ne, tukuici ke cike giɓin. Mai ɗaukar kaya, dala 1 ko 2 kowace jaka. Mai gyara ɗaki a ajiye mata kullum, kada a tara sai ranar tafiya, don ba lallai mutum ɗaya ke gyarawa ba. A Japan kuwa kada ma a fara, za a iya biyo ka da canjinka.

Ɗan Maraɗi: Mu nan 'yan boko "pourboire" suke cewa, amma ba bakin da tukuici zai yi wa nauyi. Sai dai akwai wanda ake rubutawa cikin rasit. Shi ma tukuici ne?

Hajiya Mai Otal: A'a, ɗan'uwa, wannan a kira shi kuɗin hidima. A Landan yawanci kashi 12.5 ne, a Faransa yana cikin farashin abincin tun farko. Wanda bai duba rasit ba sai ya biya sau biyu. A Najeriya kuma wasu na ganin kashi 7.5 na VAT su ɗauka na ma'aikaci ne, alhali harajin gwamnati ne. In da hali a ba yaron tsaba a hannunsa, don abin da aka haɗa aka cire ta POS asusun mai gida yake shiga.

Mai Fassara: Madalla. Na rubuta tukuici da kuɗin hidima. Rubutun fa, tukuici ko tukwici?

Baban Zara: Duka biyun ana rubutawa, Malam. Riƙe ɗaya har ƙarshen aikinka.