Kyanwata ta yi ƙiba: in rage mata abinci ne ko in canza shi?

Uwargida daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da kyanwa mai kimanin shekara 4, wadda ta fara ƙiba tun bayan da aka yi mata aikin hana haihuwa, har nauyinta ya kai kilo 6, kuma yanzu hawa katanga ma yana yi mata wuya. Abin da muke ci shi take ci: ragowar tuwo da miya, shinkafa da wake, da madarar da yara ke dama mata. Maigida ya ce a hana ta abinci na kwana uku don ta rame, amma hankalina bai kwanta ba. Ina neman shawarar masana.

Likitan dabbobi, Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah a roƙi Alhaji ya janye wannan shawara, domin kyanwa mai ƙiba idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, jikinta yakan kwashi kitse ya tara a hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, kuma wannan ciwo yana kisa. Yawancin kyanwoyin gida nauyinsu tsakanin kilo 3 da rabi ne zuwa 4 da rabi, saboda haka lallai taki tana bukatar ragi, amma a hankali, kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako.

Abin da ya fi damuna shi ne irin abincin, ba yawansa kaɗai ba. Kyanwa maciyar nama ce zalla, kuma tana bukatar wani sinadari mai suna taurin wanda ake samu a nama da kifi, ba a hatsi ba. Rashinsa yana raunana zuciya, yana kuma jawo makanta. Tuwo yana ƙara mata kitse ne ba tare da ya gina ta ba. Miyarmu kuwa tana da albasa, wani lokaci da tafarnuwa, kuma dukansu suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta ko da an dafa su. Madara ma a daina, yawancin manyan kyanwoyi ba sa narkar da ita, zawo take sa su.

Mai kiwon karnuka, Jos:
Likita ya yi gaskiya, kuma hukuncin albasa ya shafi karnuka ma. Hajiya, ki riƙa shafa gefen ƙirjinta: idan sai kin danna sosai kafin ki ji haƙarƙari, ƙiba ce. Idan kuwa haƙarƙarin a fili yake amma ciki ya kumbura, a duba tsutsar ciki.

Uwargida daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Likita. Sai dai abincin kyanwa na kanti ya yi tsada. Me zan iya haɗa mata a gida?

Likitan dabbobi, Kano:
Ki dafa naman kaza da zuciya da ƙundu ba gishiri ba magi, ki cire ƙashi domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji, hanta kuwa kaɗan kawai a mako. Nama kaɗai ba ya wadatar da ita da sinadarin kalsiyam, don haka ki kai ta asibitin dabbobi a auna ta, a rubuta miki abin da za ki ƙara da adadin da za ki raba mata safe da yamma, sannan a sake awo bayan mako 2.