Abin da masu kallo suka ce game da fim ɗin The Raid

Mun daɗe muna tafka muhawara da abokai a kan The Raid, fim ɗin Indonesiya na 2011 wanda Gareth Evans ya ba da umarni. Ga abin da na tsinto.

Kowa ya yarda cewa faɗan ne ƙashin bayansa. Iko Uwais, wanda ya fito a matsayin ɗan sanda Rama, ya iya silat, wato salon faɗan gargajiya na Indonesiya, tun kafin ya shiga fim, kuma ana gani. Kyamara ba ta yawan yankewa don ɓoye kasawa: gwiwar hannu ta sauka a haƙarƙari, wuƙa ta ratsa cinya, duk a gabanka, a wani matsattsen lungun bene a Jakarta. Masu son faɗa suka ce a tsaya a kalla har sau biyu gumurzun da Rama da ɗan'uwansa Andi suka yi da Mad Dog, wani gawurtaccen ɗan daba. Ni kuwa farkon ne ya taɓa ni, inda Rama ya yi sallar asuba, ya yi sallama da matarsa mai juna biyu.

Masu suka sun ce labarin ba shi da nama. 'Yan sanda sun shiga gidan wani uban daba, an rufe musu ƙofa, shi ke nan. Da gaskiyarsu, amma ban ga ya rage armashi ba.

Shawarar da babu wanda ya musa: kada a kunna shi gaban yara, jinin ya yi yawa. Kuma a nemi mai muryoyin 'yan wasan na asali, da fassara a rubuce a ƙasa.